ZAUREN IYALI: Kafin Ka Dunƙule Hannu

 

Cikin wasiƙun da suka iso mana akwai ta wani saurayi daga Kano, wadda muka ga ya kamata mu amsa a fili, gama mun san ba shi kaɗai ne da wannan damuwa ba. Ya roƙa kada mu ambaci sunansa, mun kuwa yarda. Shekararsa 19. Yana zaune a Sabon Gari wurin kawunsa mai sayar da kayan fata. Sau biyu ko uku a mako kawun yakan aike shi cikin birni, Kasuwar Kurmi, ya karɓo jakunkuna da takalma daga wurin dukawa. Wata rana gab da magariba ya fito kasuwa ke nan, sai samari biyu suka tare shi a wani lungu. Ɗaya ya nuna masa wuƙa, ɗayan ya zare wayarsa da kuɗin kawun. Ba su ji masa ciwo ba. Amma tun daga ran nan barci ya ƙaurace masa, kunya ta ishe shi, yana ganin kansa kamar ba namiji ba. Abokansa kuma kowa da tasa shawara. Wani ya ce ya shiga gidan dambe, wani ya ce kareti, wani ya ce ya sayi tasa wuƙar kawai.

Tambayoyinsa uku ne. Yaya ake naushi na gaske? Wane irin wasan faɗa ya kamata ya koya domin ya kare kansa? Ko kuwa zunubi ne mai bi ya koyi irin wannan abu? Za mu bi su ɗaya ɗaya. Muna roƙon iyaye su karanta tare da 'ya'yansu.

KURMI DA DAMBE

Ɗanmu, kasuwar da kake shiga ba ta jiya ba ce. Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, shi ya kafa ta kusa da Jakara. Ayarin raƙuma daga hamada nan suke sauke gishiri, su ɗauki fata da turkuɗi. Inda kasuwa take kuwa akwai mahauta, inda mahauta suke akwai dambe, gama tun asali dambe wasan 'yan fawa ne, kamar yadda kalangu kiɗansu ne.

A shekarar 1824 wani Bature mai yawon bincike, Hugh Clapperton, ya sauka Kano. Ya zagaya kasuwar, ya rubuta abin da ya gani. Ya ji labarin 'yan damben Hausa, sai ya ba da wuri 2,000 domin su zo masaukinsa ya gani da idonsa. Suka zo da makaɗa biyu, mahautan gari suna biye da su. Mai shirya fage ya riƙa watsa wa 'yan kallo ƙura don su ja da baya. Aka naɗe hannun kowane ɗan dambe da ƙyalle tun daga yatsu. Amma kafin a fara, baƙon ya kafa sharaɗi kada a yi da gaske, domin an gaya masa sau da yawa wasan yakan ƙare da mutuwa.

Yau kimanin shekara 200 ke nan, dambe kuwa yana nan da ransa. Hannun da aka naɗe da ƙyalle da zare shi ne mashi, ɗayan da ake miƙawa a buɗe shi ne garkuwa. Ana yin turmi uku. Wanda ya faɗi, ko hannunsa ko gwiwarsa ta taɓa ƙasa, sai a ce an kashe shi. Akwai ɓangaren Arewa, da na Kudu, da Guramada. Dattawa har yanzu suna ba da labarin Shago, wanda Ɗan Anace ya yi wa waƙa, da Ado Ɗan Kore. Ba mu raina wannan gado ba. Ɗan dambe yana da zuciya, yana da jimiri, yana kuma girmama ubangidansa har ya ɗauki sunansa, a ce Shagon wane ko Autan wane.

Amma ku lura da abubuwa biyu. Na fari, masu abin da kansu suna kiran nasara kisa, ba su ɗauki naushi abin wasan yara ba. Na biyu, ba wanda ke shiga fage sai ya naɗe hannu. Sun san abin da samarinmu da yawa ba su sani ba: hannun mutum ba guduma ba ne.

YADDA AKE NAUSHI

Allah ya gina hannu da ƙasusuwa 27, ƙanana ƙanana, domin riƙe fartanya da allura da alƙalami. Goshin mutum kuwa ƙashi ne mai kauri. In ƙaramin ƙashi ya yi karo da babba, ba sai an gaya maka wanda zai karye ba. Ƙashin da ke bayan ƙaramin yatsa shi ya fi saurin karyewa, har likitoci suna kiran wannan karaya da sunan 'yan dambe. Saboda haka ga abin da masu koyarwa suke fara nuna wa almajiri.

1. Tsayuwa. In kai na dama ne, ƙafar hagu gaba, ta dama baya, tazararsu kamar faɗin kafaɗa. Ka ɗan lanƙwasa gwiwoyi. Wanda ya haɗa ƙafafunsa wuri ɗaya, turawa kaɗan ta ishe shi faɗuwa.

2. Dunƙulewa. Ka naɗe yatsu huɗu su shige tafin hannu sosai, sa'an nan babban yatsa ya kwanta a kansu daga waje. Kada ka ɓoye babban yatsa cikin sauran, gama naushin fari zai gurɗe shi.

3. Wuyan hannu. Ya miƙe sak, bayan hannu da damtse su zama layi ɗaya, kamar za a iya ɗora faranti a kai. In ya lanƙwashe, ƙarfin naushin kanka zai komo.

4. Inda ake bugu da shi. Gaɓoɓi biyu na fari, wato na manuniya da na yatsan tsakiya, su ne masu ƙarfi, su ne kuma suke daidai da ƙashin damtse. Wanda ya kai hannu a karkace, da gefen ƙaramin yatsa zai sauka.

5. Inda ƙarfi yake fitowa. Ba daga damtse ba ne. Daga ƙasa yake tasowa: ƙafar baya ta tura, ƙugu ya juya, kafaɗa ta bi, hannu shi ne na ƙarshe. Dubi mai faskare. In da hannu kaɗai yake sara, kafin hantsi ya gaji. Da dukan jikinsa yake sauke gatari.

6. Hanya. Naushi ya tafi kai tsaye, ya komo kai tsaye, da sauri kamar ka taɓa tukunya mai zafi. Kada ka ja hannu baya kafin ka kai shi, gama ka sanar da abokin karawarka ke nan. Ka saki numfashi lokacin bugu.

7. Garkuwa. Haɓa ƙasa, ɗayan hannun kusa da kunci, ido a buɗe. Mafi yawan waɗanda ake kayarwa, lokacin da suke kai nasu naushin ake samunsu.

Karanta wannan ba zai mai da kai ɗan dambe ba, kamar yadda karanta littafin tuƙi ba ya mai da mutum direba. Sai an yi wata da watanni ana maimaitawa a gaban mai koyarwa, da hannu a naɗe, a kan buhun da aka yi domin haka. Kada ka bugi bango ko itace wai don hannu ya yi tauri. Gaɓoɓi kawai za ka lalata, ciwon kuwa sai ka manyanta zai nemi bashinsa.

ABIN DA BA A NUNAWA A SILIMA

A finafinan kareti mutum ɗaya yakan watsa goma, ya kakkaɓe riga ya wuce. A titi ba haka ba ne.

In ka naushi mutum a baki, haƙorinsa yana iya huda fatar gaɓarka har cikin mahaɗar ƙashi. Raunin ƙarami ne a ido, amma bakin mutum cike yake da ƙwayoyin cuta. Bayan kwana ɗaya ko biyu hannu ya kumbura, ya yi ruwa, wani har yatsan ya sandare. Duk wanda ya sami irin wannan rauni ya wanke shi da sabulu da ruwa mai yawa, ya tafi asibiti a ranar, ya kuma faɗi gaskiyar yadda ya same shi.

Abu mafi nauyi shi ne wannan. Naushi ɗaya a muƙamuƙi yana iya sumar da mutum yana tsaye. Sumamme ba ya tare ƙasa da hannu, ƙeyarsa ce takan bugi kwalta ko bakin dakali. Mutane da yawa a duniya sun mutu ta haka, a hannun waɗanda ba su yi niyyar kisa ba. Dokar ƙasa ta ba kowa ikon kare ransa da na wani da dukiyarsa, amma ta iyakance shi: kada cutarwar ta wuce abin da ya wajaba domin tsira. In mutum ya juya ya gudu ka bi shi ka buge, ko ya faɗi ka ci gaba da duka, ba kariyar kai ba ce kuma, ramuwa ce, alƙali kuwa ya san bambancinsu.

Domin haka masu koyar da kare kai da yawa sukan ce, in ya zama tilas, ka yi amfani da gindin tafin hannu a buɗe, ka ture mutum a ƙirji ko haɓa, ka sami sarari, ka gudu. Hannunka bai karye ba, nufinka kuma ya cika, gama nufin shi ne ka koma gida lafiya.

WANNE ZA A ZAƁA?

Damben gargajiya. Yana koyar da ƙarfin hali, amma ba mu ba ɗanmu shawarar shigarsa ba. Ana bugun kai ba tare da wani abin tsaro ba. An gina shi a kan hannu ɗaya naɗaɗɗe, ɓarawo kuwa ba zai jira ka naɗe hannu ba. Ban da haka, wasu 'yan wasan sun dogara ga layu da tsafi da shaye-shaye, mai bi kuwa ba shi da rabo cikin waɗannan.

Damben Turawa. Dokokinsa na zamani an buga su a Ingila a 1867, su suka tilasta sa safar hannu da yin zagaye na minti uku uku. Mutanenmu sun yi suna a cikinsa. Hogan Bassey ya zama zakaran duniya a 1957, Dick Tiger a 1962. Lambar Olimfik ta fari da Nijeriya ta samu, Nojim Maiyegun ne ya ciwo ta a dambe a Tokyo a 1964. Ta fari ta Nijar ma a dambe ce, Issaka Dabore ya samo ta a Munich a 1972. Ba wasan da ya fi shi koyar da tsayuwa, da gocewa, da sanin tazara tsakaninka da mutum. Illarsa ita ce yawan bugun kai shekara da shekaru yana lalata ƙwaƙwalwa. Wanda ke son kare kai kawai, ya tsaya ga buhu da motsa ƙafa da gwaji mai sauƙi, ba sai ya shiga gasa ba.

Kokawa. Tamu ce, kowane ƙauye ya san ta bayan kaka. A Nijar tun 1975, da aka fara a Tawa, ake gasar ƙasa ta neman takobi. Ɗan kokawa yana da wuyar kayarwa, ya san yadda zai ƙwace in an riƙe shi, ba a kuma bugun kansa. Faɗan titi sau da yawa da cin kwala da riƙe riga yake farawa, a nan kuwa ɗan kokawa yana gida.

Judo. Wani malami a Japan ya kafa shi a 1882, sunansa Jigoro Kano. Sunan ne kawai ya zo ɗaya, ba Bakano ba ne! Ma'anar judo ita ce hanya mai taushi, wato ka yi amfani da nauyin mai tura ka ka kayar da shi. Darasin fari shi ne yadda za ka faɗi ba tare da kai ya bugi ƙasa ba. Wannan kaɗai ya isa dalilin koyonsa, gama wanda bai taɓa faɗa ba ma yana iya faɗowa daga babur.

Kareti da takwando. Na fari daga tsibirin Okinawa na Japan ya fito, na biyu daga Koriya. Suna koyar da ladabi da horo da saurin jiki. Chika Chukwumerije ya samo wa Nijeriya tagulla a takwando a Beijing a 2008, Abdoul Razak Issoufou Alfaga kuma ya samo wa Nijar azurfa a Rio a 2016. Amma ka tuna da lungunan Kurmi, inda mutum biyu da kyar suke giftawa, ga kaya a kanka, ga silifa a ƙafa. Shurin da ke kai wa kunne ba shi da fili a can. Mai ƙafa ɗaya a sama kuwa ya riga ya yi rabin faɗuwa.

To, ga shawararmu. In akwai judo ko kokawa kusa da kai, fara da shi. In ka samu dama, ka ƙara da 'yan watanni na damben Turawa domin tsayuwa da garkuwa. Ka kuma riƙa gudu da sassafe sau uku a mako. Amma wasan da ya fi duka shi ne wanda ke kusa da gidanka, wanda aljihunka zai iya, wanda za ka daure a kansa shekara guda. Ka tuna Dawuda. Saul ya sa masa kayan yaƙin sarki, ya gwada tafiya da su ya kasa, sai ya tuɓe su ya ɗauki majajjawar da hannunsa ya saba da ita (1 Sama'ila 17). Kana iya zuwa filin wasa na Sani Abacha a Ƙofar Mata, ko na Kano Pillars a Sabon Gari, ka tambayi jami'an wasanni inda ake koyarwa.

YADDA ZA KA GANE MALAMIN KIRKI

Malami ya fi sunan wasa muhimmanci. Kafin ka biya ko kwabo, je ka zauna ka yi kallo sau biyu, kawunka ko wani dattijon ikkilisiya yana tare da kai. Dubi yadda manyan almajirai suke yi da ƙanana. In suna jibgar sabon shiga don su nuna masa iyakarsa, tashi ka tafi. Dubi ko ana naɗe hannu, ko akwai katifar faɗuwa, ko ana dakatar da wanda ya bugu a kai. Saurari bakin malamin. In yana fahariya da mutanen da ya doke a gari, ko ya ce cikin wata ɗaya zai koya maka ƙwace wuƙa, ko ya kawo maganar maganin ƙarfe da rantsuwar asiri, wannan ba malami ba ne. Malamin kirki shi ne wanda zai fara gaya maka cewa in ya ji ka tsokani faɗa a waje, zai kore ka.

MAGANAR WUƘA

Yanzu, ɗanmu, ka buɗe kunne. Ka ce kunya ta ishe ka don ba ka yi faɗa ba. Mu kuwa mun gode wa Allah da ba ka yi ba. Ba dambe, ba judo, ba kareti da ke sa fata ta ƙi wuƙa. Gwanayen wasannin nan da kansu in an nuna musu wuƙa sukan miƙa abin da aka nema. Mutanen Kano sun san gidajen da aka yi makoki saboda ƙwacen waya. Waya ana sayen wata, kuɗin kawu ana mai da su da aiki, amma mahaifiyarka ba ta da wani kai. Abin da ka yi ran nan hankali ne. Hausawa sun ce faɗan da ya fi ƙarfinka, mai da shi wasa.

Wanda ya ce ka sayi wuƙa kuwa ba masoyinka ba ne. Wuƙar da ke aljihu takan nemi fita ranar fushi. Ko a ƙwace ta a soke ka da ita, ko ka soki wani ka ƙare a kurkuku.

Tsaron da ya fi amfani tun kafin a tare ka ake yinsa. Ka gama sayayyarka da rana tsaka, kada magariba ta same ka a lungu. Ka bi hanyar da mutane suke, ko da ta fi nisa. Kada ka riƙe waya a hannu kana tafiya. Ku shirya da kawu a riƙa tura kuɗi ta banki, domin kada ka ɗauki masu yawa. In kaya suna da yawa, ku tafi ku biyu. Mai son abinka ya fi ka dabara, saboda haka kada ka riƙa bin hanya ɗaya a sa'a ɗaya kullum.

Sa'an nan ka yi mutunci da mutanen kasuwa. Dukawan nan da kawunka ya daɗe yana ciniki da su, ka gaishe su da ladabi, ka tambayi iyalinsu, ka san sunayensu. Ka gaya musu abin da ya same ka. Ɗan kasuwa ba ya son a tare mai sayen kayansa, wani zai sa yaronsa ya raka ka bakin titi. Addininku ba ɗaya ba ne, amma maƙwabtanka ne, su ne kuwa garkuwarka a Kurmi fiye da hannunka na hagu. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi.

In abu ya faru, ka kai ƙara wurin 'yan sanda, ka sa a rufe layin wayar da asusun banki nan da nan. In kuma wata rana ka ga an kama ɓarawo jama'a sun rufe shi da duka, kada hannunka ya shiga, ko da shi ne wanda ya tare ka. Wanda ya ga abin da ya sami Kano a watan Oktoba 1991 da watan Mayu 2004 ba ya bukatar a gaya masa tsadar zaman lafiya, ko yadda taron fushi yake wuce inda aka nufa.

ME MAGANAR ALLAH TA CE?

Za mu faɗi gaskiya, masu bi ba su zama baki ɗaya a kan wannan ba. 'Yan'uwanmu na Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, wadda aikinta ya fara a Garkida a 1923, sun gaji koyarwar ƙin rama mugunta da ƙarfi ko ta yaya, sun kuwa riƙe ta cikin wahala mai tsanani. Muna girmama su ƙwarai. Ga yadda mu muka fahimta.

A Matiyu 5:38-39 Ubangiji ya yi maganar wanda aka mara a kunci. Mari cin mutunci ne. Abin da ya hana mu shi ne ramuwa. In an zage ka, ko an ture ka a kasuwa, ko an raina ka don bangaskiyarka, ba ka da izinin dunƙule hannu. Romawa 12:17-21 ta ƙara nuna mana cewa sakayya ta Allah ce, namu shi ne mu yi iyakar ƙoƙari mu zauna lafiya da kowa. Da Bitrus ya zare takobi ya sare kunnen Malkus, Yesu ya umarce shi ya mai da shi kube (Yahaya 18:10-11), ya kuma warkar da kunnen (Luka 22:51). Musa ma ya ga ana zaluntar ɗan'uwansa, ya waiga bai ga kowa ba, ya kashe Bamasaren. Bugun rana ɗaya ya jawo masa gudun hijira na shekara 40 (Fitowa 2, Ayyukan Manzanni 7).

Amma Littafi Mai Tsarki bai ce mu zauna sakaka ba. Nehemiya ya yi addu'a, ya kuma sa matsara dare da rana lokacin ginin garu (Nehemiya 4). Bulus, da aka yi niyyar kashe shi a Dimashƙu, cikin kwando aka zurara shi ta garu da dare (Ayyukan Manzanni 9:25). Manzo ne, bai kuwa ji kunyar gudu ba. Da za a yi masa bulala ba bisa doka ba, ya nemi hakkinsa na ɗan ƙasa (Ayyukan Manzanni 22:25). Tsaro, da gudu, da neman doka, duka hanyoyi ne da bayin Allah suka bi.

Bulus ya san dambe, gama ana yinsa a wasannin Helenawa kusa da Koranti. A 1 Korantiyawa 9:26-27 ya kwatanta kansa da ɗan damben da ba ya ɓarnar naushi a banza. Amma abokin karawar da ya ambata jikinsa ne, wanda yake horarwa domin ya yi masa biyayya. Ya gaya wa Timoti motsa jiki yana da ɗan amfaninsa, ko da yake ibada ta fi shi nesa (1 Timoti 4:8). Karin Magana 16:32 kuma ta ɗora mai mallakar zuciyarsa sama da jarumin da ya ci birni.

Saboda haka amsarmu ita ce, koyon wasan ba zunubi ba ne. Abin dubawa shi ne dalilin koyon. In kana so jikinka ya yi ƙarfi, tsoro ya ragu, ka iya ƙwacewa ka gudu, ko ka tsaya tsakanin mugu da ƙanwarka, je ka koya da albarkarmu. In kuwa kana kwana kana ganin fuskar samarin nan biyu, kana jiran ranar da za ku gamu, to, ba malamin dambe kake bukata tukuna ba. Je wurin fastonka ku yi addu'a, har ka iya roƙa musu tuba da gafara. Mai fushi in ya koyi naushi, wuta ce aka ƙara wa kananzir.

GA IYAYE

Kada ku yi wa yaron da aka ƙwace wa kaya gori, kuna cewa ina ƙarfinsa yake. Irin wannan magana ita ke sa yaro ya yi gardama da mai wuƙa a karo na biyu. Ku gaya masa a fili ransa ya fi kayan. Ku iyayengiji masu aiken yara kasuwa, ku duba sa'ar da kuke aikensu da yawan kuɗin da kuke ɗora musu.

Kada kuma a manta da 'yan mata. Su ma suna zuwa kasuwa da makaranta, hatsarinsu har ya fi na maza. Blessing Oborududu ta ciwo wa Nijeriya azurfa a kokawa a wasannin Olimfik na Tokyo da aka yi a 2021, saboda haka kada a ce mace ba ta iyawa. In za su koya, a nemi wurin da akwai mace mai koyarwa ko wasu mata, uwa kuma ta riƙa leƙawa. Ko ba su shiga ko'ina ba, a koya musu su ɗaga murya, su fizge hannu ta wajen babban yatsan wanda ya riƙe su, gama nan ne riƙo ya fi rauni, su gudu inda mutane suke, su kuma faɗa wa iyaye ba tare da tsoron za a ɗora musu laifi ba.

DOMIN TATTAUNAWA A GIDA

1. Mene ne bambancin kare kai da ramuwa? Kowa ya ba da misali.
2. Waɗanne hanyoyi ne 'ya'yanmu suke bi kullum, a wace sa'a kuma?
3. In an tare ɗayanmu, wa zai fara sanarwa, me kuma za mu ce masa?

Ɗanmu, mun gode da wasiƙarka. Ka koma Kurmi da rana, ka gai da dukawa, ka ci gaba da aikinka. Ka sake rubuto mana bayan wata uku mu ji abin da ka zaɓa da yadda barcinka yake. Ubangiji ya kiyaye fitarka da shigarka, ya ba samarin nan biyu tuba, ya ba birnin Kano salama. Amin.

A wata mai zuwa, in Ubangiji ya yarda, za mu duba maganar bashi tsakanin 'yan'uwa a ikkilisiya. Sai mun ji daga gare ku.